Masu Bin Bayan Nomau

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun da safe, gari ya yi luf.

Ni ne Nomau ɗan Cindo, mutumin Maƙarfi, tsohon direban babbar mota. Na ga Legas, na ga Agadas, na ga Fatakwal da Kwatano. Na kwana a ƙarƙashin mota, na ci abincin tasha har haƙorana suka ƙare. Amma ƙasar da ta fi ƙona mini rai ban je ta da mota ba, ina zaune a kan tabarma na je ta. Mai son ji ya matso kusa, ba na maimaita magana.

Ciwon suga ne ya zaunar da ni. 'Yata Uwale, da ke aikin asibiti a Jos, ta zo ta tarar ina faɗa da kaji a tsakar gida. Ta karɓi wayata ta saka mini wani wasa da ake yi ta intanet. Ta ce mutanen da ke ciki na gaske ne, kowa yana ɗakinsa a ƙasarsu. Ta haɗa mini wani mutum mai gemu, ta sa masa sunana, ta ba shi sana'ar kamun kifi ba tare da ta tambaye ni ba, ta koma Jos. A wannan Talatar na dangwala gilashin waya na faɗa ƙasar Darkumbe.

Ƙasa ce mai faɗi. Kogunanta sama suke hawa, su bi gefen dutse su ɓace cikin gajimare. Babbar kasuwarta a bayan wani kunkuru take, wanda ya fi garin Maƙarfi girma, yana tafe daga birni zuwa birni da rumfuna da 'yan kasuwa a kansa. Ina yawo a bakin kogi, ban kama ko tarwaɗa ba, sai na ji murya ta fito daga wayar.

"Salamu alaikum, Baba. Da ganin sunan nan namu ne. Daga ina?"

Barau ke nan, wani tela a Damagaram. Shi ya kai ni Zangon Kuka. Wuri ne da Hausawan cikin wasan suka kafa a ƙarƙashin wata kuka mai 'ya'ya masu haske kamar fitila. Sun kai mutum talatin: teloli, 'yan makaranta, masu tuƙa keke, wani a Jidda, wani a Kaduna. Akwai Dogara, makanike a Kafancan, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Akwai Hajiya Kyauta, Bakanuwa ce mai sayar da atamfa a Kumasi, kusan sa'ata. Da ta ji ni Bazazzage ne sai ta ce, "Af, an kawo mana bawa." Kullum bayan la'asar mukan taru a gindin kukar nan a yi ta hira. Ni da ƙafa ta hana ni zuwa majalisa, wannan ce ta zama majalisata. Ba na magana sosai, amma ina zama.

Barau ne ya gaya mini masifar ƙasar. A ƙarshen kowace kaka wasu fari masu jikin ƙarfe sukan taso daga gabas. Duk zangon da ba shi da katangar baƙin dutse sai su cinye shi har ƙasa, a goge sunansa, a watsa mutanensa kowa a wani lungu na duniyar. Baƙin dutsen kuwa tsada gare shi a kasuwar kunkuru. Dole a sami sana'a mai kawo riba.

Dokar sana'a a can ita ce: mutum ɗaya, sana'a ɗaya. Mai son canji sai ya je Rijiyar Mantuwa ya sha, duk abin da ya iya ya bar kansa. Daga nan ya wuce Gidan Gwanaye, inda kowace sana'a ke da ƙofarta. Ƙofar da ka shiga, ita ce taka. Amma da ka sha ruwan ake fara kaɗa tambari, in ya tsaya ba ka shiga ko'ina ba, ka zauna hannu rabbana. Kuma sau uku kawai rijiyar ke ba mutum ruwa.

Na tashi na bi sawun kunkuru har na cim masa, na kama igiyar da ke reto a wutsiyarsa na hau. Na sami gefen wata rumfa na tsaya ina kallo, yadda nakan tsaya a tasha in ga wane kaya ke fita, wane ke kwana. Na ga mayaƙa sun yi layi a gaban maƙera, maƙeran kuwa ba su da yawa. Na sauka, na je na sha ruwan, na shiga ƙofar ƙira.

Tamar ƙarfe a Tsaunin Garwashi take, inda ƙasa ke huci. Na cika amalanke, ina shirin saukowa, sai ga wani damo ya fito daga rami, girmansa kamar tirela, wuta na zuba daga bakinsa. Ba ni da makami. Na tuna gangaren da birki ya taɓa tsinke mini. Na haye amalanken na sake shi, na riƙa karkata shi dama da hagu ina goga shi da jikin dutse don ya rage gudu. Damon ya biyo ni a miƙe. A wata kwana na lanƙwasa, shi bai lanƙwasa ba. Na ji faɗuwarsa can ƙasa.

Na ƙera takubba, na kai kasuwa, kafin in gama shimfiɗa su an kwashe. Na koma zango da kayan baƙin dutse na farko. Aka yi ta murna. Muka aza harsashi.

Wuta ta ɗauke a unguwarmu, wayata ta mutu, sai da na yi kwanaki ban shiga ba. Ranar da na koma, tun daga nesa na ji ƙara: ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na shiga na tarar zangon nan kaf ya zama maƙera. Barau da yake masaƙi yana riƙe da guduma. Dogara da yake sassaƙa yana zuga. Hajiya Kyauta, wadda mayaƙa ke tahowa daga nesa don tuwonta mai ƙara ƙarfi, tana dukan ƙarfe kamar tana daka.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Barau ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Mun sha ruwan."

"Wa ya ce ku sha?"

"Ai ba sai ka ce ba, Baba. Mun ga inda ka dosa."

Dogara ya ce, "Baba, takobina na farko ya fito kamar ludayi, amma na biyu ka zo ka gani."

Na gani. Ludayi ne shi ma.

Da muka hau kasuwa, takubba suka taru a rumfarmu kamar itacen girki. Mayaƙan da ke roƙona jiya suka riƙa taɓawa da ƙafa suna tayawa kamar kayan gwanjo. Tama kuwa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, don mu talatin muke rububinta. Abin da muka samo bai sayi dutsen da zai kai gwiwa ba.

Na fita ban yi sallama da kowa ba. Na yi arewa, na shiga Dajin Madubi. Kowace bishiya a dajin gilashi ce, kowacce tana nuna maka hanya shimfiɗaɗɗiya, in ka bi sai ka faɗa rami. Na faɗa sau biyu. Na uku na daina ɗaga kai. Na zuba ido a ƙasa, na bi kashin jakunan fatake, don jaki ba ya kallon madubi. Haka na ɓulla Tashar Gajimare, inda matafiya ke hawa jiragen iska zuwa tsibiran sama. Na tsaya ina kallo. Kowane matafiyi ya rungumo kaya a ƙirji, jirgi na tashi kaya na zubowa kamar ƙanƙara. Ba su da jakunkuna. Baduku ɗaya ne a tashar, shi ma barci yake.

Na sha ruwa na biyu, na shiga ƙofar dukanci.

Wannan karon na tara su a gindin kuka na buɗe baki. Na ce, "Dukanci na ɗauka. Kada wanda ya biyo ni. Kun ji ko?"

Suka ce, "Mun ji, Baba."

Na ɗinka jakunkuna, na kai tasha, aka yi wawa. Na dawo da dutse har amalanke na kuka. Ina shiga zango wari ya tare ni. Fata a kan igiya, fata a kan katanga, fata a rassan kuka.

Na ce, "Barau!"

Ya taho da basilla a hannu. "Baba, mun zauna mun duba maganarka. Muka ga kara ce kake yi mana. Ba ka son mu sha wahalar koyon sabon abu. Muka ce a'a, ba za mu bar Baba shi kaɗai da warin jima ba."

"Kara? Ni na yi muku kama da mai kara?"

Hajiya Kyauta ta ce daga bayan wata fata, "Ko kusa. Kama da mai ciwon haƙori ka yi."

Jakunkuna suka bi hanyar takubba. A kasuwar kunkuru akwai wata 'yar kasuwa daga wata ƙasa can, ta zaɓi jikin kura tana yawo da shi. Ita ke sayar mana da fata da tsada, ita ke kwashe jakunkunanmu a banza. Ran nan ta tsaya a gabana ta yi magana da yarensu, na'ura ta juya mini.

"Ina son mutanen Kuka. Ba na wahalar tunani. Nakan sa ido a kan tsohonku kawai. Ƙofar da ya shiga, sai in je in saye kayan haɗin sana'ar gaba ɗaya, in zauna in jira sauran."

Ta yi dariya. Na jefar da wayar a kan katifa. Matata ta leƙo ta ce lafiya, na ce kura ce. Ta koma ba ta ƙara tambaya ba.

A lokacin sararin gabas ya fara yin ja kamar tsatsa. In iska ta kaɗo, sai ka ji ƙara can nesa kamar injin niƙa. Katangarmu ba ta wuce ƙugu ba, ba ƙyaure, ba igiya, ba magini ko ɗaya. Kowa kuma ruwa ɗaya ya rage masa.

Na sake tara su. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba tun ranar da na bar tuƙi. Na ce sana'a ba ta da riba don sunanta. Ribarta tana inda ake nema ba a samu. Na ce mota talatin ba sa lodin buhu ɗaya. Na ce ku warwatsu, wani ya yi gini, wani ya fasa dutse, wani ya yi saƙa, mu sayi na juna mu sayar wa bare.

Suka ce, "Gaskiya ne, Baba."

"To wa zai ɗauki gini?"

Kowa ya tsaya yana kallon kowa.

Barau ya ce, "Baba, in faɗi gaskiya? In na ɗauki saƙa na yi arziki, kai kuma abin da ka ɗauka ya faɗi, da wane ido zan dube ka a gindin kukar nan? Gara mu faɗi tare."

Dogara ya ce, "Ni kuwa Baba ba zan ɓoye ba, idonka nake bi. Sau biyu kana gano inda kuɗi yake."

"Sau biyu kuna kashe shi!"

"Wannan kuma ƙaddara ce."

Hajiya Kyauta ta ce, "Malam Nomau, kada ka fasa mana kunne. Duk wanda ke nan ya san a warwatsu ya fi. Ba jakuna ba ne. Amma shawara ka ba su. Shawara kuwa sai a ce maka to, a juya a yi abin da aka ga kana yi. Haka aka rene su. Haka ka reni naka."

Na ce, "Nawa ba sa ɗinka jaka kamar hular da mota ta taka."

Na tashi na nufi rijiya. Niyyata in sha in ɗauki sufuri. Na lura babu mai jan kaya tsakanin tsauni da kasuwa, kuma aikina ne na shekara arba'in. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗebi ruwan na sha, ɗinki ya bar kaina. Ina juyowa na gan su. Dukkansu. Sun jeru a bayana, kowa da ƙoƙo, kowa yana goge baki. Can gefe kuma ga kura a kan dutse ta harɗe ƙafa tana jira.

Tambari ya fara.

Na tafi Gidan Gwanaye, suna biye da ni kamar 'ya'yan agwagwa. Fili ne zagaye da ƙofofi, kowacce da alamarta a sama. Na tsaya a tsakiya. Suka tsaya. Na yi taku ɗaya wajen ƙofar sufuri, suka yi taku ɗaya. Na ja baya, suka ja baya. Babu wanda zai shiga ƙofa gaban babba, kuma babu wanda zai shiga wata ƙofa in ba tawa ba. In na shiga, gobe Zangon Kuka yana da amalanke talatin ba kayan ɗauka, fari su zo su same mu muna tura juna.

Tambari na ta bugawa. Raina ya kai wuya.

Na ce, "Barau. Zo nan."

Ya zo ya rusuna.

"Shiga ƙofar can ka gaishe mini da gwanin masaƙa. Ka ce Nomau na gaisuwa."

Ya dubi ƙofar, ya dube ni. "Baba, ai in na shiga..."

"Shawara na ba ka? Aikenka na yi."

Ya sake duban ƙofar. Sa'an nan ya ce, "To, Baba." Ya juya ya shiga. Ƙofar ta rufe a bayansa.

"Dogara. Wajen magina. Ka tambayo mini lafiyar iyalinsu."

"Baba, ni fa bayana..."

"Ubanka bai taɓa aikenka ba?"

"Ya aike ni, Baba."

"Ka ce masa bayanka?"

Ya tafi yana ƙunƙuni. Na riƙa kiran su ɗaya ɗaya. Wannan wajen masu fasa dutse, wannan ma, wannan ma, don dutse muke nema. Wannan wajen masassaƙa, wannan wajen masu tufka igiya, wannan rini, wannan haɗa magani, wannan ƙira, wannan dukanci. Babu wanda ya ƙi. Mutanen da na yi ta roƙo da hujja ba su motsa ba, ga su suna gudu don an ce a kai gaisuwa. Na waiga na ga kura ta miƙe tsaye tana duban ƙofa bayan ƙofa, ta rasa wacce za ta bi.

Hajiya Kyauta ta naɗe hannu. "Saura ni. Ni ma aikena za ka yi, Bazazzage? Gwada ka gani. Ni ba 'yarka ba ce."

Na dube ta. Na ce, "Yunwa nake ji."

Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ta gyara mayafi ta shiga ƙofar girki.

Tambari ya fara sassautawa. Mutum biyu suka rage, da wani ɗan keke na Kaduna da netuwok ɗinsa ya tsaya, ya sandare a tsakiyar fili da ƙafa ɗaya a sama. Biyun sun zuba mini ido. Ƙofar sufuri tana nan kusa, da na miƙa hannu zan taɓa ta. Amma in na shiga, su ukun nan bayana za su biyo, kuma har yanzu ba mu da manomi, ba mu da mai su. Na aiki biyun wajen masunta. Na tsaya a kan na ukun ina kiran sunansa, ina zagin kamfanin wayarsa. Ya motsa. Na ce, "Gona! Gudu!" Ya ruga.

Na juya na yi wajen ƙofata. Tambari ya tsaya. Ta rufe a kan hancina.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Masu fasa dutse suka haƙo baƙin dutse da kansu, muka daina saye. Barau ya saƙa, mai rini ya rina, aka kai kasuwa aka dawo da ƙarfen ƙyaure. Mayaƙa suka koma layin tuwon Hajiya. Kura ta zauna da tulin fata da tama tana neman mai saye. Kaya kuwa a kai ake ɗauko su daga tsauni, don babu mai sufuri a zangon, kuma babu wanda ya isa ya ambaci haka a gabana.

Fari suka iso da rana tsaka, suka rufe sama. Ƙararsu ta sa na rage muryar waya. Suka cinye ciyawa, suka cinye rumfunan waje, suka ɓalle kusurwar gabas inda Dogara ya yi gini yana surutu. Suka aske rassan kuka na sama. Mutanenmu suka toshe ɓarakar da duwatsu da jakunkunan da ba su sayu ba. Ni ina tsaye a tsakiya. Na kai hannu in ɗauki dutse, ya zame. Na kai wa guduma, ta zame. Wanda tambari ya tsaya a kansa ba ya riƙe kayan aiki a ƙasar Darkumbe har abada. Haka na tsaya kamar turke ina kallo har farin suka gaji suka wuce yamma.

Zango ya tsaya. Sunansa na nan.

Bayan la'asar suka taru a gindin kuka. Aka jibge kaya a gabana: riga, takalmi, akushin tuwo. Barau ya yi gyaran murya ya ce sun yi shawara, tun da Baba ba shi da sana'a yanzu, kowa zai riƙa kawo masa wani abu daga cikin ribarsa.

Na ce, "Sadaka za ku ba ni?"

"A'a, Baba, girmamawa ce."

"Girmamawarku ce ta kai ni nan."

Dogara ya ce, "Baba, ni fa ina ganin zaman nan naka ya fi kowace sana'a riba. Da rijiya za ta ƙara ba da ruwa..."

Hajiya Kyauta ta ce, "Dogara, rufe bakinka kafin tsohon nan ya haɗiyi zuciya a ce mu ne. Kai kuma ci tuwon. Ka ce yunwa kake ji, ka sa na ɗaure kaina da murhu har ƙarshen duniya. Wallahi sai ka cinye."

Na ci. Gishiri ya yi yawa, na gaya mata. Na kashe wayar.

Washegari da safe, bayan na sha koko da maganina, na shiga. Babu kowa a zango. Na bi katangar daga ƙyaure ina dukan kowane dutse da ƙafa. A kusurwar gabas na sami uku suna rawa. Na fita daga wasan, na nemo lambar Dogara na kira shi. Ya ɗauka daga ƙarƙashin wata mota, ina jin ƙarar sifana.

Na ce, "Ka wanke hannu ka zo. Ginin nan naka ko akuya ba zai tare ba."